Georg Ohm: Ɗan Maƙerin Kwado da Ya Shekara 16 Yana Koyarwa a Foliteknik

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin lantarki, ko da ɗan ND ɗaya ne da bai wuce sati uku a makaranta ba, ya san alwatikan nan mai V a sama, I da R a ƙasa. Wasu a bayan kalkuleta suke zana shi, wasu kuma, Allah Ya shirye su, a tafin hannu ranar tes. Muna kiransa dokar Ohm, mu haddace, mu amayar a jarrabawa, shi ke nan an rabu. Mai sunan kuwa ba kasafai ake tambayar ko wane ne ba. Ni dai da na bi tarihinsa sai na ga ya kamata a ce mu 'yan foliteknik mun fi kowa saninsa. Ɗan mai sana'ar hannu ne, ya taɓa watsar da karatu, ya yi shekaru yana koyarwa a sakandare, kuma mafi tsawon aikin da ya riƙe a rayuwarsa a foliteknik ya yi shi.

Gidan maƙeri

An haifi Georg Simon Ohm ranar 16 ga Maris, 1789, a garin Erlangen da ke kudancin Jamus ta yau. Mahaifinsa, Johann Wolfgang Ohm, maƙerin kwado da makulli ne. Mahaifiyarsa, Maria Elizabeth Beck, 'yar tela ce. Yara bakwai suka haifa, uku ne suka rayu har suka girma: Georg, da ƙanensa Martin, da 'yar'uwarsu Elizabeth Barbara. Yana ɗan shekara 10 mahaifiyar ta mutu.

Uban bai yi karatu mai zurfi a makaranta ba, amma mutum ne da ya koyar da kansa lissafi da kimiyya ta hanyar karanta littattafai. Shi ya zaunar da 'ya'yansa maza ya koya musu lissafi da fizis da kemistiri a gida, har ilimin da suka samu a wajensa ya fi wanda aka ba su a sakandaren garin, inda hadda ta fi yawa. Martin daga baya ya zama farfesan lissafi a Balin. Georg kuwa, ban da lissafin, ya tashi ya san yadda ake sarrafa ƙarfe da guduma da magagari. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

A 1805, wato shekara guda bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu, Ohm ya shiga Jami'ar Erlangen yana ɗan shekara 16. To, a nan fa labarin ya yi kama da na wasu da muka sani. Yaro ya samu sake. Maimakon laburare sai gidan rawa, sai wasan zamiya a kan ƙanƙara, sai teburin wani wasa mai kama da sunuka. Semista uku ya yi, uban ya ga kuɗin da yake tarawa da gumi suna tafiya a banza, ya cire shi, ya tura shi ƙasar Suwizalan. A watan Satumba na 1806 ya fara koyar da lissafi a wata makaranta a Gottstadt, yana ɗan shekara 17.

Korar ta yi masa rana. Wani farfesansa na da, Karl Christian von Langsdorf, ya ba shi shawarar ya ci gaba da karatu shi kaɗai, ya duƙufa kan littattafan manyan masana lissafi irin su Euler da Laplace da Lacroix. Haka ya yi, yana koyarwa yana karatu, har da shekara biyu da ya yi yana lesin a garin Neuchâtel. A watan Afrilu na 1811 ya koma Erlangen, ranar 25 ga Oktoba na wannan shekarar kuma jami'ar da ya bari ta ba shi digirin dakta. Mai kari-oba da ke karanta wannan, kada ka ce na ba ka lasisin wasa. Shekara biyar ya yi yana biyan bashin semista ukun nan.

Malamin sakandare mai ɗakin gwaji

Jami'ar ta ɗauke shi lakcara, amma albashin bai isa ko ci da sha ba, sai ya bari bayan semista uku. A 1813 gwamnatin Bavariya ta tura shi wata makaranta maras inganci a Bamberg. Bai ji daɗin wurin ba ko kaɗan. Don ya nuna cewa ya fi ƙarfin inda aka ajiye shi, sai ya rubuta littafin koyar da jometiri. Littafin ya taimaka masa, domin a watan Satumba na 1817 ya samu aikin koyar da lissafi da fizis a wata babbar sakandare a birnin Kolon. Makarantar tana da ɗakin gwaji mai kayan aiki. Cikin yaran da ya koyar a can har da Dirichlet, wanda daga baya ya zama babban masanin lissafi.

Sai mu tuna halin da ilimin lantarki yake ciki a lokacin. Volta ɗan Italiya ya ƙera batir na farko a 1800. A 1820 Oersted ɗan Denmak ya gano cewa idan wuta tana bi ta waya, allurar kamfas da ke kusa da wayar tana juyawa. Amma babu bolt, babu amfiya, babu maltimita irin wadda ake saya yau a kasuwar Sabon Gari a sa a aljihu. Masana suna maganar tsananin wuta da yawan wuta, ba tare da sun daidaita abin da kowace kalma take nufi ba, balle su san yadda ɗaya ta danganci ɗaya. An san dai doguwar waya tana rage ƙarfin wuta. Da nawa take ragewa, a nan aka tsaya.

Ohm ya sa kansa wannan aikin, a lokacin da yake da ajin da zai shiga kullum da takardun yara da zai duba. A nan tarbiyyar maƙera ta yi amfani. Wayoyin gwajinsa da kansa ya ja su, na'urar awonsa kuma shi ya tsara ta: allurar maganaɗisu da ya rataye da siririn zaren zinare a saman waya. Idan wuta ta bi wayar, allura ta juya, sai ya murɗa zaren har allurar ta koma inda take. Yawan murɗin da ya yi shi ne ma'aunin wutar.

Takardarsa ta farko ta fito a 1825, kuma lissafin da ya bayar a cikinta bai zama daidai ba. Matsalar daga batir take. Baturan wancan zamani da zarar an jona su ƙarfinsu yake fara sauka yana hawa, to ta yaya za ka auna tasirin waya alhali abin da ke tura wutar shi kansa bai tsaya wuri ɗaya ba? Editan wata mujallar kimiyya, Poggendorff, ya ba shi shawarar ya bar batir ya yi amfani da abin da Seebeck ya gano a 1821: idan aka haɗa ƙarafa biyu mabambanta, aka ɗumama mahaɗa ɗaya aka sanyaya ɗayar, wuta tana samuwa. Ohm ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe mai suna bismut, ya tsoma mahaɗa ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗayar cikin ƙanƙara. Tun da zafin tafasasshen ruwa da sanyin ƙanƙara mai narkewa ba sa canzawa, sai ya samu turin wuta tsayayye.

A watan Janairu na 1826 ya ɗauko wayoyin jan ƙarfe guda takwas, kaurinsu ɗaya, tsawonsu daban-daban, ya riƙa jona su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da allura ta nuna. Da ya jera alƙaluman sai ya ga dukkansu sun bi tsari guda: wutar da ke gudana daidai take da ƙarfin turin idan aka raba shi da jimlar abin da ke tare hanya, wato na wayar da ake gwadawa da na sauran da'irar.

Abin da dokar ta ce

A yarenmu na yau, abubuwa uku ne. Akwai boltej, V, wato ƙarfin da ke tura wutar, ana auna shi da bolt. Akwai karan, I, wato yawan wutar da ke gudana, ana auna shi da amfiya. Akwai kuma turjiya, R, wato yadda waya ko na'ura take tare wa wutar hanya, ana auna ta da om. Dokar ta ce V = I × R. Idan ka san biyu, ka san na ukun: I = V ÷ R, kuma R = V ÷ I.

Wanda ya taɓa zama a gidan haya mai tanki a Jama'a ko Hayin Dogo zai gane wannan ba wahala. Tsayin tankin shi ne boltej, ruwan da ke zuba a bokiti shi ne karan, ƙuncin bututu da tsawonsa su ne turjiya. Ɗaga tanki sama, ruwa ya ƙaru. Sa siririn bututu ko ka ja shi nesa, ruwa ya ragu. Ohm shi kansa ta irin wannan kwatancen ya bi, sai dai da zafi ya kwatanta. Ya karanta aikin Fourier ɗan Faransa na 1822 kan yadda zafi ke tafiya cikin ƙarfe daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, ya ga cewa lantarki ma haka take tafiya, ya aro lissafin.

Mu gwada da hitar dafa ruwa, wadda kusan kowane ɗakin ɗalibi ke da ita. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. A ce ka auna ka ga hitar tana jan amfiya 4.35. Turjiyarta ita ce 230 ÷ 4.35, kusan om 53 ke nan. Yanzu a ce dare ya yi, kowa a unguwa ya kunna kayansa, taransifoma ta gaji, boltej ya sauko zuwa 160, abin da muke kira lo karan. Turjiyar hitar tana nan kusan yadda take, saboda haka karan ya zama 160 ÷ 53, wajen amfiya 3. Za mu ga abin da wannan yake yi wa ruwan shayinka nan gaba kaɗan.

Littafin da aka yi wa riƙon sakainar kashi

Ohm ya nemi hutun shekara guda a kan rabin albashi, ya tafi Balin inda ƙanensa Martin yake, ya zauna ya rubuta littafi. A 1827, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gadon mulki a Sakkwato, littafin ya fito da sunan Die galvanische Kette, mathematisch bearbeitet, wato bayanin da'irar lantarki ta hanyar lissafi. Fatansa shi ne wannan aiki ya sama masa kujera a jami'a.

Ba a ba shi ba. Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne laifin wasu ba. Littafin cike yake da lissafi mai nauyi a lokacin da yawancin masana fizis na Jamus ba su saba da hakan ba, kuma bai fito da gwaje-gwajensa fili a cikinsa ba, sai wasu suka ɗauka lissafi ne kawai na kan takarda. Sannan a Balin ta wancan lokaci mabiya falsafar Hegel ne ke da faɗa a ji a harkar ilimi, su kuwa ba su ɗauki awo da ƙidaya a matsayin hanyar sanin sirrin halitta ba. Ɗaya daga cikinsu, Georg Friedrich Pohl, ya rubuta sharhi ya yi kaca-kaca da littafin. Ma'aikatar ilimi ma ba ta goyi bayan Ohm ba. Wannan ɓangaren darasi ne ga masu rubuta furojet: aiki mai kyau da aka rubuta yadda ba a ganewa yana iya kwana a kan kanta.

Ransa ya ɓaci, ya ajiye aikinsa na Kolon a 1828. Daga nan har 1833 yana Balin yana koyar da lissafi na wucin gadi, har da wata makarantar sojoji, a kan kuɗi kaɗan. Mutumin da ya gano dokar da yau ake fara koya wa kowane injiniyan lantarki a duniya ya kai shekara 44 ba shi da tsayayyen aiki.

Shekara 16 a foliteknik

A 1833 aka ba shi aikin farfesan fizis a makarantar foliteknik ta Nuremberg. Ba ita ya so ba, jami'a yake hari, kuma a wancan zamanin ma ana yi wa makarantar fasaha kallon ƙanwar jami'a, kamar dai yadda har yau ake jan layi tsakanin mai HND da mai digiri a wajen ɗaukar aiki. Duk da haka ya zauna ya yi aikin. A 1839 ya zama shugaban makarantar, ya riƙe ta har 1849. A nan ne kuma ya yi bincikensa kan sauti, wanda ya wallafa a 1843, kan yadda kunne ke rarrabe muryoyin da suka cakuɗa.

Yana can gaskiya ta fara yin halinta. Fechner a Jamus ya maimaita gwaje-gwajen da kyau a 1831 ya tabbatar da dokar. Pouillet a Faransa ya kai ga sakamako iri ɗaya a 1837. Masu aikin wayar tangaraho, waɗanda kullum tambayarsu ita ce nisan da saƙo zai iya kaiwa kafin wuta ta yi rauni, suka ga dokar ita ce amsarsu. A 1841 aka fassara littafin zuwa Turanci, kuma a wannan shekarar ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar Copley, babbar lambar yabonta. A 1842 ta ɗauke shi mamba daga ƙasar waje. Wheatstone, wanda muke haɗa gadarsa a firaktikal, ya fito fili a 1843 ya nuna cewa a kan aikin Ohm ya gina nasa. Sai da baƙi suka yaba kafin 'yan gida su farga: a 1845 cibiyar masana ta Bavariya ta ba shi cikakken mamba.

Wani abin lura shi ne, tun 1781 Henry Cavendish a Ingila ya hango irin wannan dangantakar, kuma da jikinsa ya yi awo, yana barin wuta ta ja shi yana kwatanta zafin. Bai wallafa ba, sai a 1879 Maxwell ya fito da takardunsa. Shi ya sa sunan Ohm dokar take ɗauke da shi. (Kada wani ya gwada hanyar Cavendish da wutar NEPA, don Allah.)

Inda zafi ya shigo

A shekarar da Ohm ya karɓi lambar Copley, wani saurayi ɗan shekara 22 a yankin Mancesta, James Prescott Joule, ɗan mai kamfanin giya, ya wallafa ɗaya rabin lissafin da muke amfani da shi. Ya tsoma waya cikin ruwa, ya tura wuta, ya auna yadda ruwan ke ɗumama, ya gano cewa zafin da waya ke fitarwa yana tafiya da turjiya sau karan sau karan. Wannan shi ne fawa, P, yawan aikin da wuta ke yi a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da wat. P = V × I. Idan ka sa dokar Ohm a ciki sai ka samu P = I² × R, ko kuma P = V² ÷ R.

Mu koma kan hitarmu. A bolt 230 da amfiya 4.35, fawarta 230 × 4.35, wat 1,000 ke nan, kuma idan ta yi awa guda a kunne ta cinye yunit ɗaya a mita. A bolt 160 da amfiya 3 kuwa, wat 480 kacal take bayarwa. Boltej bai ragu da ko kashi ɗaya cikin uku ba, amma zafi ya faɗi ƙasa da rabi. Shi ya sa za ka sa ruwa ka yi sallar isha'i ka dawo ka tarar ko motsi bai yi ba.

Wannan ɓata lokaci ne kawai. Ga wanda ya fi shi haɗari. Ɗauki ɗakin da mutum huɗu ke kwana, soket ɗaya ne a bango, an ja ekstenshin. Da safe ana saurin lakcar ƙarfe takwas, wani ya jona hita mai wat 1,000, wani rishon lantarki mai wat 1,500, wani dutsen guga mai wat 1,200. Jimla wat 3,700. Raba da 230, ka samu amfiya 16. Fulogi mai ƙafa uku da muke amfani da shi amfiya 13 ce iyakarsa, wato wajen wat 3,000. Idan akwai fiyus na gaskiya a ciki, aikinsa ne ya tsinke kafin waya ta ƙone. Amma sau nawa muka ga fiyus ya tsinke an naɗe gurbinsa da waya, ko an yanke fulogin gaba ɗaya an cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana?

To bari mu lissafa abin da ke faruwa a cikin wayar ekstenshin ɗin. Siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin 0.5 tana da turjiyar kusan om 0.035 a kowace mita. Ekstenshin mai tsawon mita 5, zuwa da dawowa mita 10 ne, om 0.35 ke nan. Ƙaramin abu ne a ido. Amma 16 × 16 × 0.35 ya ba da wajen wat 90 na zafi, a cikin roba, wataƙila a ƙarƙashin kafet ko katifa. Da wayar mai kaurin 2.5 ce, turjiyar om 0.07 ce, zafin kuma wat 18. Idan kuma aka yi rashin sa'a wayar irin ta alminiyum ce da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, zafin ma haka.

Mahaɗar da ba ta ɗauru ba ta fi wannan muni. A ce inda aka murɗe waya biyu aka naɗe da leda yana da turjiyar rabin om. 16 × 16 × 0.5 wat 128 ne, a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar wake ba. Ƙarfen soda da muke narka dalma da shi a wokshop yawanci bai wuce wat 30 zuwa 60 ba. Kun ga inda warin roba yake fitowa, kuma kun ga yadda ɗaki da takardun shaida da laftof ɗin mutum huɗu suke iya tafiya cikin minti kaɗan, musamman a lokacin hunturu da komai ya bushe.

Lissafin nan dai shi ne abincin masu haɗa sola a Samaru da PZ, kuma da yawa daga cikinmu da wannan sana'ar muke biyan kuɗin makaranta. Kayan wat 600 a bolt 230 amfiya 2.6 kawai suke ja. Amma a ɓangaren batir mai bolt 12, wat 600 ɗin nan amfiya 50 ne, ban da asarar inbata. Shi ya sa wayar batir take da kauri kamar yatsa, kuma take gajeruwa. Mai da tsarin bolt 24, karan ya koma 25, zafin da waya ke ɓatarwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da wannan hikimar ake ɗauko wuta daga Kainji da Shiroro a kan bolt 330,000, a riƙa sauke ta mataki-mataki zuwa 132,000 da 33,000 da 11,000 kafin ta iso taransifomar unguwa. Ninka boltej sau goma, karan ya ragu sau goma, asarar hanya ta ragu sau ɗari.

Dokar tana da iyaka, kuma sanin iyakar yana cikin saninta. Tana aiki ne ga ƙarfe matuƙar zafinsa bai canza sosai ba. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 idan yana ci turjiyarsa wajen om 880 ce, amma auna shi a sanyi da maltimita za ka ga ba ta kai ko om 100 ba. Dayod da fitilar LED ba sa bin dokar kai tsaye. Kayan da ke da mota a ciki, irin su firji da injin jan ruwa, lissafin fawarsu sai an sa fawa fakto, kuma lo karan yana iya sa motar ta ja wuta fiye da kima ta ƙone.

Ƙarshen tafiya

A 1849 aka kira Ohm zuwa birnin Munik, ya zama mai kula da kayan gwajin fizis na cibiyar masana ta Bavariya, yana kuma ba da lakca a jami'a. Kujerar farfesan fizis ta Jami'ar Munik, abin da ya yi ta nema tun yana saurayi, sai a 1852 ta zo hannunsa, yana da shekara 63. Shekara biyu ya yi a kanta. Ya mutu ranar 6 ga Yuli, 1854, yana da shekara 65, aka binne shi a Munik. Bai taɓa aure ba. A 1881, a taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris, aka amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya. Foliteknik ɗin nan ta Nuremberg tana nan har yau ta zama babbar makarantar fasaha, kuma sunansa take amsawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a tarihin nan shi ne yadda abu biyu suka haɗu a mutum ɗaya. A zamaninsa akwai waɗanda suka fi shi lissafi, akwai kuma maƙeran da suka fi shi iya ƙarfe. Shi ya iya jan waya da hannunsa, ya kuma iya zama da alƙalami ya fitar da tsarin da ke cikin alƙaluman da ya auna. Da awon ya ƙi, bai tilasta wa lissafi ba, komawa ya yi ya gyara kayan gwajin. Wannan haɗin shi ne dalilin kafa foliteknik tun asali, shi ya sa ake tura mu wokshop da SIWES, kuma shi ne abin da ya kamata ya bambanta mu da mai gyaran da ya koya da ido kawai, da kuma mai takardar da bai taɓa riƙe filaya ba. Maganar bambancin HND da digiri za mu ci gaba da yin ta a ƙungiyance, don haƙƙi ne. Kafin a kai ga nan, hujjar da ke hannunmu ita ce aikinmu.

Saboda haka ga ɗan aikin gida da ba lakcara ne ya bayar ba. Yau da daddare kowa ya juya kayan wutar ɗakinsu ya karanta wat ɗin da aka rubuta a jiki, ya tara na waɗanda ake jonawa lokaci guda, ya raba da 230. Idan amsar ta haura 13 a kan ekstenshin ɗaya, a raba lokacin girki da na guga, a kuma canza wayar. 'Yan sashen lantarki, ku leƙa ɗakunan 'yan uwanmu na akanta da mas kom da sauransu, maza da mata, ku yi musu wannan lissafin, minti biyu ne. Allah Ya tsare mu daga gobara, Ya ba mu sa'ar jarrabawar da ke tafe.